Malum Dawuda Mai Kanwa da Garin Ƙibar Raguna

A gyara zama, jama'a. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai goyo ta lallashi ɗanta, domin yau babban mutum za a ambata. Ga shi nan: Malum Dawuda ɗan Kolofata, Sarkin Lasa na kasuwar Jambutu, limamin masu kanwa, gwamnan gishiri da manda, mutumin da harshensa ya fi ƙafarsa ganin duniya. Fadarsa tebur ce mai ƙafa uku da bulo ɗaya. Tutarsa tsohon buhun siminti ne da ya kafa don tare rana. Duk faɗin Garwa, daga bakin gadar Binuwai har bayan filin jirgi, wanda ya ce bai san shi ba, to bai taɓa dafa wake ba, bai kuma taɓa ɗaure ko ɗan akuya a ƙofar ɗakinsa ba.

Kakansa Bakano ne, farke, wanda jakinsa ya mutu a Kolofata, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce to, nan Allah ya nufa. Can aka haifi uban Dawuda, can aka haifi Dawuda. Shi kuwa ya gangaro Garwa yana saurayi a farkon shekarun tamanin, zaune bisa buhunan kanwa a bayan wata babbar mota, siriri kamar sillen kara. Masu dako na tasha suka ce da ba don hularsa ba, da sun ɗauka sanda ce direba ya jingina.

Makonsa na farko a kasuwa wani Bafulatani ya tsaya gaban kanwarsa, ya juya ta, ya shinshina, ya ce an cuɗa ta da farar ƙasa, shanunsa ba za su lasa ba. Dawuda ba shi da bakin gardama a lokacin. Sai kawai ya ɓantari guntu, ya jefa baki, ya tauna ƙurus-ƙurus, ya haɗiye, idonsa na hawaye yana kallon mutumin. Bafulatani ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya sayi rabin buhu. Daga ranar Dawuda ya kafa wa kansa doka: abin da bai ɗora a harshensa ba, ba ya hawa teburinsa, na mutum ne ko na dabba.

Da farko dokar ba ta da wuya, tunda kayan ba su da yawa. Jar kanwa ta masu jego, ungurnu ta miyar kuɓewa, manda da gishirin lasa na dabbobi. Amma zamani ya yi ta haihuwa, teburin ya yi ta cika. Aka kawo magi mai dunƙule, ya lasa. Aka kawo farin magi mai kama da dakakken gilashi, ya lasa, ya ce wannan ko a kan takalmi aka barbaɗa sai an ci. Aka kawo sakarin na masu zoɓo, da garin kala na masu alawa, wanda ya bar masa jan harshe har liman ya tambaye shi ko lafiya. A ɓangaren dabbobi kuma ga turto, wato abin da ke saura in an matse mai daga 'ya'yan auduga, ga garin ƙashi, ga bitamin na kaji. Duk sun bi ta bakinsa. Matarsa Mairamu ta sha faɗa wa maƙwabta cewa ita ba ta san ko miji take aure ko akurki ba.

Ba kuma komai yake karɓa ba. Sau ɗaya an kawo masa gishiri mai arha, ya lasa, ya tofar, ya ce akwai takin zamani a ciki, a kwashe masa shi daga gabansa. Wani can ƙarshen layi ya karɓa, aka yi asarar awaki. Tun daga nan maganar ta zama hatimi. Mace za ta aiko 'yarta ta ce, je ki wurin wanda yake lasa. Makiyayi zai wuce tebur goma ya zo nasa. In ana gardama a kan wani sabon gari a gidan biki, wata ta ce "Dawuda ya lasa," shi ke nan an rufe zance.

Ku riƙe wannan da kyau, don shi ne duk dukiyarsa. Gidan da yake ciki na haya ne. Ba shi da saniya, ba shi da gona, kekensa ma birki ɗaya gare shi. Abin da ya tara a shekara talatin da ɗoriya shi ne mutanen Jambutu sun yarda da bakinsa. Ranar da wannan ta faɗi, teburin itace ne kawai da bulo.

To, sai tashin hankalin kan iyaka ya zo ya toshe hanyoyin arewa. Motocin kanwa suka koma sai jefi-jefi. 'Yan uwansa na Kolofata suka gudo Marwa suka tare a unguwar Domayo, kuma kowa ya san wanda ake kira a waya in hatsi ya ƙare. Teburin Malum ya fara nuna katako.

A wannan hali ne Ɗanmalam ya same shi. Ɗanmalam dillali ne mai babur, irin mutanen nan da ba a taɓa ganinsu suna tafiya ba sai dai suna dawowa, kullum da kwali ɗaure a baya. Ya sauke wani farin gari a leda, da hoton rago a jiki wanda ya kusa kai ɗan maraƙi, da rubutu a wani harshe da ba Faransanci ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Ya ce ɗan tsunkule kaɗan a cikin dusa, rago zai ci kamar wanda aka yi wa gorin yunwa, kafin Layya sai an faɗaɗa masa ƙofa. Malum ya tsoma yatsa ya lasa. Zaƙi-zaƙi, da ɗan ɗaci can ƙarshe, kamar madarar gari da ta daɗe a kanti. Ya kwana ya tashi, ciki lafiya, kai lafiya. Ya ce a sauke.

Garin ya yi kasuwa, tunda ragunan da aka ba sun cika ido da gaske. Sai dai kun san al'adar teburin. Duk wanda ya zo sai ya tambaya, Malum, ka lasa? Shi kuma ba ya amsawa da baki. Yatsa zai tsoma ya kai harshe a gaban mai saye, don gani ya kori ji. Lokacin Layya kuwa masu saye ba sa yankewa daga hantsi har la'asar. Rago ɗaya tsunkule guda yake samu a yini. Malum Dawuda, ba tare da ya lura ba, yana cin rabon garke.

Abin da ya fara canzawa shi ne tuwo. Mutumin da malmala ɗaya ke isarsa har ya rage, ya koma yana share biyu yana leƙen tukunya. Sai kumatu suka fito. Sai wuya ya cika, hular da ta saba faɗo masa kan kunne ta tsaya cak. Mairamu ta ɗauka girkinta ne Allah ya karɓa bayan shekaru, ta ƙara man gyaɗa a miya, tana tafiya a unguwa kamar wadda ta ci gasa. Abokansa na kasuwa suka fara ce masa Alhaji tun bai ga ko hoton jirgi ba. Shi ma, ba a raba ɗan Adam da son a yaba, ya sayi ɗan madubi ya ɓoye bayan buhun manda.

Jambutu kuwa tana da ido. Mata suka dubi Malum, suka dubi hoton ragon nan, suka haɗa biyu da biyu. Ba a jima ba masu sayen garin suka canza kama. Matan da ke ɗaki ɗaya a gidan haya, inda ko kaza ba ta da wurin juyawa, kowace ta wayi gari da tunkiya. Malum, mutumin kirki, har tambaya yake yaya tunkiyar, tana cin dusa kuwa? Su ce alhamdu lillahi, Malum, tana ci, har ta fara haske. Ya ce madalla, a riƙa ba ta ruwa da yawa. Bai taɓa kawo komai a ransa ba. A wurinsu kuwa lissafin a fili yake: abin da Dawuda ya lasa ba ya cutar da mutum, ga shi ma ya yi masa kyau.

Malum yana da 'ya, Rabi'atu, tela ce a wani shago kusa da babbar kasuwa. Siririya ce kamar ubanta na dā. An sa bikinta bayan Sallah da wani Hamadu mai gyaran firji, wanda ita ta zaɓo abinta ta kawo gida. Ƙawayenta suka sa ta gaba da tsiya, wai ranar kamu sai an nemo amarya a cikin lafaya da tocila. Ita ma ta fara cika. Fuska ta yi zagaye kamar faifai, Mairamu ta ƙara samun abin alfahari. Amma hannu da ƙafa ba su bi fuskar ba, ƙishirwa ba ta barinta, ƙuraje suka feso, ƙirjinta na zafi kamar ta haɗiyi barkono. Wata ranar Talata da hantsi tana kan keken ɗinki, sai ta sulale ƙasa.

Aka kai ta ƙaramin asibitin unguwa, aka aika wa Malum. Ya bar tebur a hannun maƙwabci, ya tako kekensa yana haki, abin da bai saba ba. Nas ɗin da ke aiki ran nan Madam Yvonne ce, 'yar kudu da ta daɗe a Garwa har Fulatancinta ya fi na wasu 'yan gari, kuma tsohuwar mai sayen kanwarsa ce. Tana ɗaga kai ta gan shi a bakin ƙofa, ta dubi fuskarsa, ta dubi ta yarinyar da ke kwance, ta ajiye abin awon da ke hannunta.

"Papa Dawuda, me kuke sha a gidanku?"

Ya ce ba abin da suke sha sai kunu da ruwan randa. Ta ce ta ga irin wannan fuskar har ta gaji a watan nan, duk daga Jambutu, kuma kowace ta tambaya sai ta ce ƙiba ce daga Allah. Ta juya kan Rabi'atu, ta ce ko ta faɗa ko ita ta sa a kira Hamadu a tambaye ta a gabansa. Yarinya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce garin raguna ne, tana ɗiba daga buhun da ke zaure tana zubawa a kunu.

Malum ya ce, "Rabi, na dabba ne fa. Hoton rago ne a jiki."

Ta ce, "Baba, ai ka lasa."

Ya nemi benci ya zauna.

Madam Yvonne ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ita ba ta san duk abin da aka zuba a ledar nan ba, amma alamun na wani magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da awo ga masu ciwo na musamman. Ba nama yake sawa ba, ruwa yake tarawa a jiki, yana buɗe ciki, yana lalata ƙashi da jini a hankali. Harshe ba ya jin irin wannan, in ji ta, don ba ranar da aka sha yake magana ba. Ta sa shi ya naɗe ƙafar wando, ta danna masa babban yatsa a ƙwauri, ta ɗauke. Ramin ya zauna kamar an danna curin tuwo. Ta kuma gargaɗe shi cewa wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa rana ɗaya, sai an bi shi a sannu a asibiti, don haka duk matar da ya sayar wa ta zo da ƙafarta.

Nan fa ake yinta. Da yamma Ɗanmalam ya zo, ya ji labari, ya sauke murya ya ce abin ai mai sauƙi ne. A daina sayar wa mata, a ce kaya sun ƙare, Sallah na wucewa kowa ya manta. In kuwa Malum ya buɗe baki ya ce harshensa ya yi kuskure, to ya sani ya yanka kasuwarsa da hannunsa, har kanwar ma ba mai ƙara saye. Mairamu, wadda ta yini tana kuka, ita ma ta ce a rufa asiri, a bi matan ɗaya-ɗaya a ɓoye. Malum ya ce ya san fuskokinsu amma bai san gidajensu ba, kuma kowace ta saya ta raba wa ƙawaye uku. Ko ya daina sayarwa, garin yana teburin wasu, kuma da sunansa za a ci gaba da shansa. Ya ce da Ɗanmalam ya kwashe sauran kayansa. Ɗanmalam ya ce zai kai wa wani. Malum ya ce a'a, to bar su nan, ya ɗauki buhun da kansa ya juye a masai.

Washegari da sassafe bai nufi kasuwa ba. Injin niƙa ya nufa, inda matan unguwa ke jeruwa da ƙwaryar jiƙaƙƙen wake da masara, wurin da in ka yi atishawa kafin azahar an ji a Marwa. Ya roƙi mai injin ya kashe na ɗan lokaci. Wuri ya yi tsit, mata suka zuba masa ido, don ba a saba ganin dattijo a layin niƙa ba.

Yagana mai ƙosai, wadda bakinta ya fi man kaskonta zafi, ita ma kumatunta sun yi luhu-luhu kwanan nan, ta ce, "Malum, ko Mairamu ta yi yaji ne ka zo niƙa da kanka?"

Bai biye mata ba. Ya ɗora ƙafa kan wani bulo, ya naɗe wando har gwiwa a gaban matan mutane, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yi masa kaciya, ya danna yatsa a ƙwauri ya ɗauke. Ya ce su matso su gani. Ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma garin raguna ne ya yi masa. 'Yarsa tana kwance a asibiti saboda shi.

"Na lasa, gaskiya ne," in ji shi. "Amma ban san abin da na lasa ba. Duk mai tunkiya a ɗaki, ta kai ta wurin Madam Yvonne. Kada ta daina ba ta rana ɗaya, ta kai ta tukuna."

Sai can aka ga wata ta sunkuya kamar tana gyara zane, ta danna ƙafarta. Wata ma ta yi. Yagana ta danna tata, ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ɗago ta wanke shi tas. Ta ce shekara da shekaru suna ba 'ya'yansu abin da ya ce, ashe bakin nasa ba ya bambanta magani da madara. Ta ce Allah ya isa kuɗin rigunan da ta sa tela ya buɗe. Malum ya tsaya ya sha, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Da ta gama ya sauke ƙafar wandonsa, ya ce da mai injin ya tayar.

Ɗanmalam bai yi ƙarya duka ba. Kasuwar Malum ta faɗi warwas. Masu raguna suka zo da nasu ƙorafin bayan Sallah, wai naman yana shiga tukunya yake tsukewa, a zuba kaskon suya a kwashe kofi. Samari masu babur in sun wuce sai su ɗaga murya, Malum, ka lasa? Amma bencin Madam Yvonne ya cika da masu tunkiya, wasu da lulluɓi har ido, kuma ba a rasa ran ko ɗaya ba. Rabi'atu ta tashi, ta koma siririyarta. An ɗaga biki zuwa bayan damina, Hamadu ya ce shi dama sillen kara ya gani ya ce yana so, ba wanda ya aike ta neman ƙari. Malum ma ya saɓe a hankali, hula ta koma kan kunne, aka daina ce masa Alhaji.

Yanzu in ka je Jambutu za ka same shi, teburin ya ragu. Ya raba shi biyu da wani katako, na mutane dama, na dabbobi hagu, kuma duk ledar da ba a iya karanta rubutunta ba ta hawa ko ɗaya. Ya daina tsoma yatsa a gaban mutane. In an tambaye shi sai ya ce wannan na san shi tun ina yaro, wannan kuwa ban sani ba, je ki tambayi masu farar riga. Tsohon hatimin bai dawo ba, ba a ƙara rufe gardama da sunansa a gidan biki. Amma masu sayen kanwa sun dawo da kaɗan-kaɗan, kuma ta farkon dawowa Yagana ce, wadda ta ce ba don ta yafe ba ne, don dai kanwar sauran duk ƙasa ce.

Ran nan na same shi yana fasa ungurnu da guduma, na durƙusa na ce, Baba Malum, na rubuta tarihinka kaf, daga jakin kakanka har injin niƙa, za a karanta ka daga nan har Kusiri, jikokinka su san irin namijin da aka yi a Garwa. Bai ɗago ba. Ya hure ƙurar da ke hannunsa, ya ce:

"To. In ka gama da takardar ka kawo min, ledar ƙulla kanwa ta yi tsada."